Ƙaramin Faifai

Yammar da abin ya fara ba ta zo da wata alama ba. Rana ta sauka bayan duwatsun Dutse Uku, sanyin Jos ya fara neman ƙashin mutum, hayaƙin gidaje ya kwanta a kan kwanuka ya ƙi tashi. Maimuna na gaban murhu tana tuƙa tuwo. Mijinta Hammajoda, dillalin shanu a karar Bukuru, ya tsuguna bakin famfo yana alwala. 'Yarsu Amatullah, mai shekara goma, tana kora kaji cikin akurki tana yi musu faɗa kamar suna jin Hausa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Babu wanda ya ɗaga kai, don yaran unguwa ba su da aikin da ya wuce jifan tsuntsaye. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, na huɗu ya sauka a tsakar gida dab da ƙafar Hammajoda. Ba daga gefe ya zo ba yadda jifa ke zuwa. Daga sama ya sauko a miƙe, ya zauna inda ya sauka, bai ko gangara ba. Hammajoda ya ɗauka. Dutsen da ɗumi, kuma jiƙe yake da jan laka, alhali an yi wata biyu ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ya kuwa san inda ake samun irin wannan lakar.

Kaji suka yi tsit. Ladanin ƙasan layi ya ɗauki kiran salla, amma muryar ta zo musu kamar daga wani gari. Da Maimuna ta waiga, sai ta ga 'yarta tsaye a tsakiyar gida, hannuwa a sake, ido a buɗe ba ya ƙiftawa. Bakin yarinyar ya motsa. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe, irin ta wadda ta daɗe tana kira ba a amsa mata ba.

"A mayar mini da abina."

Sau uku ta faɗa, sannan gwiwoyinta suka saki. Maimuna ta yar da muciya tana salati, ta tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa.

To, akwai abin da Hammajoda ya sani wanda matarsa ba ta sani ba. Shekara guda ke nan da ya sayi injin gano ƙarfe a shagon Okey, wani Inyamuri mai sayar da kayan masu haƙar ma'adinai a kasuwar Bukuru. Injin sanda ce mai faifai a ƙasa, kana yawo da faifan a saman ƙasa, in ya bi ta kan ƙarfe sai ya yi maka kuka a kunne. Hammajoda kuwa mutum ne mai son babban abu. In agogo zai saya sai wanda ya rufe masa wuyan hannu, in sa zai taya sai wanda ƙahonsa ba ya shiga mota. Don haka ya zaɓi faifai mai faɗin tire, yana zuwa da shi tsofaffin ramukan kuza na bayan Rayfield duk ranar da babu kasuwa, yana mafarkin zinariyar da Turawa suka manta. Abin da ya tara a shekara bai wuce ƙusoshi da gwangwanaye da rabin shebur ba.

Sai kwana biyu kafin wannan yamma, a bakin wani rami mai jan laka inda ko makiyaya ba sa shayar da shanu, injin ya yi wani kuka mai zaƙi. Ya haƙa kamu biyu ya ciro 'yar munduwar ƙafa, wadda ba za ta shiga ƙafar kowa ba sai ta jariri, da 'yan ƙararrawa a jere a jikinta. Ya kawo ta gida a aljihu, ya faki idon Maimuna ya wanke ta a bakin famfo, ya goge, ya ga ba zinariya ba ce. Duk da haka ya ɓoye ta a cikin akwatinsa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, kuma Hammajoda ya buɗe da hannunsa.

Gari na wayewa ya hau mota zuwa Rayfield, ya mayar da munduwar raminta, ya rufe, ya yi ta ba da haƙuri ga wanda ba ya gani. Ya dawo gida da sanyin zuciya. Amma da rana ta faɗi duwatsu suka dawo, Amatullah ta tashi zaune a kan gadon ƙarfen uwarta, muryar nan ta fara ƙirga.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Shida." Sannan ta ce, "Ina ta bakwai? Tana gidan nan."

Nan Hammajoda ya tuna cewa a ƙarshen jeren akwai wani ɗan zobe da babu komai a jikinsa. Wato ƙaramar cikinsu, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, ta ɓalle ta faɗi a gidansa, wataƙila a wurin wanki.

Da ya faɗa wa Maimuna gaskiya a daren, da labarin ya ƙare a nan. Amma yaya namiji zai dubi matarsa ya ce shi ya kwaso wa 'yarsa wannan masifa a aljihu? Sai ya ce mata magauta ne suka binne musu asiri a gida, kuma zai tono shi. Ya ɗauko injinsa ya fara daga bakin famfo.

Injin ya haukace. Gida ne da aka yi shekara talatin ana zaune a cikinsa, ƙasarsa cike da ƙusa da marfin kwalba da guntun kwano, ga kuma baƙin yashin Jos da ke sa irin wannan inji surutu ko babu komai. Duk inda ya ɗora faifan sai gurnani da kuka su haɗu su cika masa kunne. Ya haƙa nan, ya haƙa can, ya kwana uku yana ciro tsatsa. A rana ta huɗu ya yanke wa kansa hukunci. Tun yana yaro yake jin cewa dukiyar aljanu ba ta zama wuri ɗaya, nitsewa take yi cikin ƙasa kullum tana ƙara nisa. In haka ne, faifansa ne ya yi kaɗan.

Sai ya koma shagon Okey. Okey ya saurare shi yana goge tabarau da gefen riga.

"Oga Hamma, wannan abu da kake nema, babba ne ko ƙarami?"

"Ka ba ni wanda ya fi kowanne nisan ji, shi ke nan."

"Ni na tambaye ka ne fa. Babban kwayil, wato faifai, yana ji nesa, gaskiya, amma babban abu yake ji. Tukunya, akwati, irin wannan. Kuma duk abin da ke ƙarƙashinsa yana haɗa shi gaba ɗaya. In ƙusa goma yana wurin, ƙaramin abu ɗaya yana tsakiya, ƙusa zai rufe masa baki." Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani ɗan faifai da bai fi murfin kofi ba. "Cikin gida, wannan ne. Ba ya zuwa nesa, amma yana bi tsakanin ƙusa da ƙusa, yana faɗa maka kowanne sunansa."

Hammajoda ya dubi abin ya ji kamar an zage shi. 'Yarsa kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, shi kuma a miƙo masa murfin kofi?

"Okey, ba wasan yara na zo yi ba."

"To ka ɗauka aro, oga. In bai yi ba ka dawo da shi."

Bai ɗauka ba. Ya fito da wanda ya fi nasa faɗi, mai girman murfin randa, wanda sai ya haɗa hannu biyu yake iya ɗaga shi. Okey ya bi shi da kallo har bakin titi, ya girgiza kai ya koma shago.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya, ko maƙiyi ba a yi masa fatansu. Sabon faifan yana jin kwanon rufi, yana jin ƙofar gida, yana jin gadon ƙarfe ta bayan bango, duk a lokaci guda. Hammajoda ya fasa simintin bakin famfo. Ya tone gindin murhu, ya rushe akurki, ya haƙa ramin da ya kai masa ƙirji a tsakar gida har ya datse bututun ruwa. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ya daina zuwa kara, ya daina amsa sallama. An kai yarinyar asibiti, aka ƙara mata ruwa, aka ce ba a ga komai ba. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Kullum rana ta faɗi duwatsu su sauko, muryar ta ƙirga zuwa shida ta tsaya. Amatullah ta zama kamar kara a cikin zane, ɗankwalin da ke kanta tun ranar farko ko kwance shi ba a yi ba, don da an taɓa kan sai ta ƙwala ihu. Tsoro ya cika Hammajoda, irin tsoron da ke hana mutum tsayawa ya yi tunani.

Sau biyu Maimuna tana cewa a kira Malam Ashraf, limamin masallacinsu wanda aka sani da ruƙya, sau biyu mijinta yana cewa a bari, ya kusa tono asirin. Ya san malam zai yi tambaya. A rana ta tara ba ta sake neman izini ba, ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta.

Malam ya zo bayan la'asar. Mutum ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya tsaya ya dubi ramukan da ke tsakar gida, ya dubi mai gidan da ke tsaye cikin ɗaya daga ciki da laka har gira. Ya sa aka fito da yarinyar aka kwantar a tabarma a ɗan wurin da ya rage ba a tone ba. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, yana maimaitawa. Jikinta ya fara rawa. Yatsun ƙafarta suka lanƙwashe. Can sai muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Ke wace ce, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ka tambayi wancan na cikin rami."

Malam bai waiga ba. "Ke nake tambaya."

"Ni makauniya ce. A ramin jan laka nake tun kafin a haƙa shi. Ina da ɗa mai rarrafe, na ɗaura masa ƙararrawa a ƙafa don in riƙa jin inda ya nufa. Yana barci wannan ya zo da sandarsa ya kwance ta. Ya mayar da shida, amma shidan nan kurame ne, ado ne kawai. Ta bakwai ce mai murya, ita ɗana ya sani, ita yake bi ya dawo. Kwana goma sha ɗaya ban san inda yake ba, Malam, ga ramuka ko'ina."

Maimuna ta juya ta dubi mijinta.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma ba a rama zalunci a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Ki fita, mu kuma mu nemo miki."

"In na fita da me zan saurara? Da kunnenta nake saurare. Na hagu ya kusa ƙarewa, in ya ƙare in koma na dama. In kuma rana ta faɗi yau ban ji ta ba, zan tafi da ita gaba ɗaya ta taya ni nema."

Hammajoda ya fito daga rami da rarrafe ya zube gaban tabarmar. "Ki ɗauki nawa. Don Allah ki ɗauki duka biyun, ki bar mata nata."

Bakin yarinyar ya yi wata dariya marar daɗi. "Naka? Me zan yi da su? Kai da aka ce maka ƙarami ka ɗauko babba."

Malam ya ɗaga hannu. "Ki yi mini alkawari da sunan wanda ya halicce mu da ku. In an samo kafin magariba, za ki fita ta ɗan yatsan ƙafa, ba ta ido ba, ba ta kunne ba, kuma ba za ki sake waiwayar gidan nan ba."

"In an samo. Kuma shi zai kai da ƙafarsa, ya bar sandarsa a gida."

"An yarda."

Rana ta riga ta yi ja. Hammajoda ya laluba waya ya kira Okey, ya faɗa masa komai a cikin numfashi ɗaya, abin da ya kasa faɗa wa matarsa kwana tara. Okey bai tambayi komai ba, ya ce, "Ina zuwa." Daga Bukuru zuwa Dutse Uku tafiya ce, ga cunkoson yamma. Suka zauna suna kallon inuwar katanga tana cin tsakar gida, Malam na karatu.

Saura kaɗan rana ta taɓa dutse aka ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Okey ya shigo da gudu, ya ga yarinyar, ya ja baya ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Sannan ya durƙusa ya kwance babban faifan ya ɗaura ƙaramin, ya cire abin sa wa a kunne don kowa ya ji kukan injin.

"A hankali, oga. Kusa da ƙasa. In ya yi gurnani, ƙusa ne, wuce. Siririn murya muke nema."

Wannan karon injin ya yi magana ɗaya bayan ɗaya. Gurnani, shiru, gurnani, shiru. Hammajoda ya bi bakin famfo, ya bi tarin ƙasar da ya tone, ya bi gindin katanga. Sau ɗaya aka ji siririyar murya, ya tona da farce, ashe tsohon kwabo ne. Sau ɗaya kuma marfin man shafawa. Gidan ya ƙare ba a samu ba. Ladani ya fara gyara lasifika, aka ji ƙararta. Dutse na farko ya sauko a kan kwano.

Hammajoda ya sare. Ya zube a gefen tabarma yana kuka kamar ba namiji ba, sandar ta sulale daga hannunsa, ɗan faifan ya kwanta kusa da kan yarinyar. Injin ya yi gurnani.

"Tsaya!" in ji Okey. "Kar ka taɓa. Murya biyu ne a nan." Ya kama sandar ya ɗan motsa ta kamar faɗin yatsa. A gefen gurnanin, can ƙasa, wani siririn kuka ya leƙo ya koma. "Akwai ƙarfe, akwai wani abu a bayan ƙarfe. Madam, me ke cikin kan yarinya?"

Maimuna ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Wani ɗan abu ne na tsinta a bakin famfo ina shara, ranar da na yi mata kitso. Ta ce yana da kyau, na maƙala mata da fil." Ta dubi Hammajoda, hawaye na zuba. "Asiri ka ce mini kana nema. Da ka ce mini ƙararrawa..."

Malam ya riƙe kan yarinyar yana karatu, uwar ta kwance ɗankwalin. Ga ta nan a jelar kitso, bayan kunnen hagu, fil ɗin ya ratsa ta tsagar bakinta ya danne 'yar tsakuwar da ke ciki. Shi ya sa kwana tara ba ta yi ƙara ba. Maimuna ta zare fil ɗin, ƙararrawar ta gangaro tafin hannunta ta yi ƙara sau ɗaya, 'yar siririya.

Komai ya tsaya. Dutsen da ke gangarowa a kan kwano ma ba a ji faɗuwarsa ba. Amatullah ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa, fuskarta ta saki, muryar ta fito a tausashe.

"Ga shi can. Ya ji. Yana kuka, amma ga shi can."

"Alkawari," in ji Malam.

"Na tafi. Abin da na riga na ci dai ba ya dawowa."

Ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Ladani ya ce Allahu Akbar, muryarsa ta shigo gidan sosai yadda ta saba. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa."

Hammajoda bai jira gari ya waye ba. Yana sallame magariba Okey ya raka shi a keken da ya kawo shi, suka kai ƙararrawar ramin jan laka, Hammajoda ya ajiye ta da hannunsa ya juyo bai waiwaya ba.

Da safe ya tarar da Amatullah zaune a bakin ƙofa cikin hantsi, da kofin kunu a hannu, tana kallon ramukan da ubanta ya haƙa. Ya zauna a hagunta. 'Yar fari ce, kuma shi Bafulatani ne, tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa kama shi da bakinsa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ya sunkuyo gare ta. Sannan a hankali, dab da kunnenta, ya ce, "Amatullah."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da kaɗa kununta.

Maimuna na tsaye a bayansu da tsintsiya, ta ji komai. "Zagayo ta dama," ta ce.

Ya tashi ya zagaya ya durƙusa. Yarinyar ta ɗago ta dube shi tana jira. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi sake fitowa.

"Ke," ya ce, "sha kununki kar ya huce."